Shafin Intanet Da Zai Buɗu A Wayar Kowa



Kowa a cikinmu ya san abin nan: a turo maka adireshin wani shafi ta WhatsApp, ka danna, gilashin waya ya yi fari fat, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa. Kana jira, kana jira, can sai ga saƙo wai megarka ta ƙare. Shafi bai buɗu ba, kuɗi kuma sun tafi. Galibi rezo muke ɗora wa laifi, kuma yana da nasa kason. Amma sau da yawa matsalar daga wanda ya gina shafin take. Aikin wannan magini nake so in yi bayani, da sababbin dabarun da suka shigo cikinsa a 'yan shekarun nan, don wasunsu kamar domin mu mutanen Njamena aka ƙirƙiro su.

Shafin intanet kamar shago ne a babbar kasuwa. Akwai gaban shago, inda aka jera kaya mai saye ya gani ya taɓa. Akwai kuma sito can baya, inda sauran kaya da littafin lissafi suke. Siton nan wata babbar kwamfuta ce da ke ajiye a wani wuri mai nisa, ana ce mata uwar garke. Gaban shagon kuwa shi ne fuskar shafi, wato duk abin da kake gani kana dannawa a wayarka. Da abubuwa uku ake gina wannan fuska. HTML shi ne rubutun kansa, kamar abin da aka rubuta a kan allo. CSS shi ne zayyanar da ake yi wa allon, launi da tsari da girman harafi. JavaScript kuma kamar yaron shago ne, in ka danna wani abu shi ke amsawa, ya buɗe, ya rufe, ya yi lissafi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Waɗannan abubuwa uku duk sai an sauko da su cikin wayarka, sannan burauza, irin su Chrome ko Opera, ta haɗa su ta nuna maka. Ke nan megarka ce ke biyan kuɗin dakonsu, batirinka ne kuma ke yin aikin haɗawa. Magini yana can a zaune, kai ne mai biya.

Yadda shafuka suka yi ƙiba

Shafin farko a duniya, wanda Tim Berners-Lee ya buɗe wa jama'a a 1991 daga cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, rubutu ne zalla, ko hoto babu. JavaScript ya zo a 1995, CSS a 1996. A 2010 wani magini mai suna Ethan Marcotte ya bayyana dabarar gina shafi ɗaya mai miƙewa ko tsukewa daidai da girman gilashin da aka buɗe shi a kai, kwamfuta ce ko waya. Yanzu wannan ya zama dole, ba a ma kiransa sabon abu.

Babban sauyi ya zo a 2013, lokacin da Facebook ya saki wani kayan aiki mai suna React kyauta ga kowa. Vue ya biyo baya a 2014. Dabarar tasu mai kyau ce: ka ƙera ƙananan gutsattsari, kamar maɓalli ko katin labari, ka riƙa jera su kamar bulo da aka buga da ma'auni ɗaya. Magina suka ji daɗi ƙwarai. Sai dai an wuce gona da iri. Aka koma aiko wa waya shafi fanko tare da tulin JavaScript, a ce ita ta sauke, ta karanta, ta gina shafin da kanta. Kamar ka aika yaro ya sayo tuwo, a ba shi gero da turmi da itace a ce ya je ya ƙarasa a gida. Mai babbar waya a Paris ba zai ji komai ba. Mai ƙaramar Itel ko Tecno a Digel shi ne zai zauna yana kallon farin gilashi.

Masu auna shafukan duniya na HTTP Archive sun nuna cewa matsakaicin shafi a waya yanzu ya haura megabait 2. Don a gane girman abin: wannan rubutu da kake karantawa, daga farko har ƙarshensa, bai kai kilobait 20 ba. Wato shafi guda yana cin ninkinsa ɗari, alhali sau da yawa abin da ka shiga nema layi uku ne.

Mu kuwa ba mu da rarar da za mu yi wannan almubazzaranci. Chadi ba ta da teku, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin ruwa kuma a gaɓar teku suke sauka. Namu sai ya ratso ƙasar wasu, ta Kamaru ko ta Sudan, kafin ya iso. In wani abu ya sami layin can, mu nan muke ji a jikinmu. Manyan kamfanonin waya biyu ne, Airtel da Moov Africa, wanda dā ake kira Tigo kafin Maroc Telecom ya saye shi a 2019. Mega da tsada, wuta kuma kowa ya san halinta a lokacin zafi. Shi JavaScript sau biyu yake cin mutum: ya ci mega wajen saukowa, ya ci batir da lokaci wajen aiki. Hoto mai kilobait 200 da JavaScript mai kilobait 200 nauyinsu ba ɗaya ba ne a wurin ƙaramar waya, don hoton nunawa kawai za ta yi, shi kuwa ɗayan sai ta karanta shi layi-layi ta aiwatar.

A dafa a can, a aiko da dafaffe

Sabuwar alƙiblar da magina suka fuskanta ita ce mayar da wahalar ga uwar garke. Ita ce mai ƙarfi, ita ce mai wuta dare da rana, to ita ta haɗa shafin ta aiko shi a gine. Next.js, wanda ya fito a 2016, da wannan ya yi suna. A shekarar nan kuma Rich Harris ya fito da Svelte, wanda ke tace aikin tun a hannun magini, abin da ke isowa waya ya zama ɗan kaɗan. Shi kansa React, a fitowarsa ta 19 a Disamba 2024, ya tabbatar da wasu gutsattsari da ke gama aikinsu can a uwar garke, ba a aiko da umarninsu waya ko kaɗan.

Wanda ya fi burge ni shi ne Astro, da ya kammala fitowa a 2022. Shi ƙa'idarsa ita ce kada a aika JavaScript sam, sai inda aka nema. Suna kiran dabarar tasu tsibirai. Ka tuna Tafkin Chadi: ruwa shimfiɗe, sai tsibiri nan, tsibiri can. Yawancin shafi rubutu ne kwance da ba ya motsi. Wurin da ke buƙatar motsi, kamar akwatin bincike ko fam ɗin rajista, shi ne tsibirin, shi kaɗai ake aiko wa yaron shago. Abin dariya, in ka duba, sabon yayin nan komawa ce ga yadda aka fara a 1991, sai dai da kayan aiki masu kyau.

A ganina, shafin makaranta irin tamu, mai jadawalin darussa da sanarwa da ranakun jarrabawa, ba ya buƙatar React ko kaɗan. HTML da CSS tsabtatattu sun isa. Ba a hayar tirela don kai buhun gero ɗaya gida.

CSS ma ya girma, ya karɓe ayyuka da yawa da dā sai da JavaScript. Tun 2017 akwai tsarin jera abubuwa a layuka da ginshiƙai mai suna Grid. Zuwa 2023 duk manyan burauza sun yarda gutsure ya duba faɗin wurin da aka ajiye shi ya daidaita kansa. Tambaya mai buɗewa in an danna ta, ko ƙaramar tagar sanarwa, HTML da kansa yana yin su yanzu. Sai dai a yi hattara: tsohuwar waya mai tsohuwar burauza ba ta san sababbin nan ba. Don haka gwanaye suke fara tabbatar da rubutu ya fito ko da komai ya ƙi aiki, sannan su ɗora kwalliya a kai.

Hotuna fa? Su ne suka fi komai nauyi a yawancin shafuka. Hoton da ka ɗauka da waya yana iya kai megabait 3 ko 4, mutum ya ɗora shi haka nan a shafi, alhali a gilashi faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Maganin uku ne, kuma duk masu sauƙi. A rage girmansa. A mayar da shi sabon zubi, WebP na Google ko AVIF da ya fito a 2019, waɗanda ke matse hoto fiye da JPEG ba tare da ido ya ga wani bambanci sosai ba. Sannan a rubuta wa hoton loading="lazy", wato kada a sauko da shi sai mai karatu ya gangaro kusa da shi. Wanda ya karanta sanarwar sama ya fita bai biya kuɗin hotuna goma na ƙasa ba.

Akwai ma ma'auni. A 2020 Google ya fito da wasu awo na lafiyar shafi. Babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. In ka danna wani abu, ya amsa kafin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wannan awon a Maris 2024 aka shigo da shi. Na uku, kada shafi ya riƙa tsalle yana buɗuwa, ka je danna wannan yatsanka ya faɗa kan wancan. A cikin Chrome na kwamfuta akwai wani abin gwaji kyauta, Lighthouse, da zai auna maka shafinka kamar a ƙaramar waya mai raunin rezo.

Shafin da ke aiki ba rezo

Wannan ita ce dabarar da na fi so 'yan uwa su sani. Tun 2015 Chrome ya yarda shafi ya bar wani ɗan aike a cikin burauzarka. Wayoyin Apple sun bi sahu a 2018. Aikin ɗan aiken nan shi ne, ranar farko da ka buɗe shafin, ya adana kwafinsa a waya. Gobe in ka sake buɗewa, shi zai tare ka: in akwai rezo ya leƙa ko an sa sabon abu, in babu ya miƙo maka abin da ya ajiye. Har kana iya ɗora alamar shafin a gilashin waya kamar manhaja, ba sai ka shiga Play Store ba. Sharaɗi ɗaya shi ne adireshin ya fara da https, wato mai kulle, kuma tun ƙarshen 2015 Let's Encrypt ke ba da wannan kullen kyauta.

Ku duba amfaninsa. Ɗalibi ya sauke jadawali da darussan wata guda ranar da yayansa ya sa mega, ya yi ta bita ko ya tafi hutu ƙauye. Amma akwai tarko. A ce an ɗage jarrabawa daga Asabar zuwa Alhamis ta gabanta, wayar uba kuma tana nuna masa tsohon kwafi. Yaro ya rasa jarrabawa saboda shafin da aka yi don taimakonsa. Shi ya sa magini mai hankali yake raba kaya biyu: abin da ba ya canjawa a ajiye, sanarwa kuwa a fara tambayar rezo tukuna, kuma a rubuta ranar da aka sabunta ta a sama ɓaro-ɓaro.

Wani zai ce, to me ya kai mu wannan wahala, ga Facebook ga WhatsApp? Manya a cikinmu suna tune da cewa daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata goma sha shida, an toshe waɗannan manhajoji a Chadi. Wanda duk harkarsa ke cikinsu, ƙofarsa ta rufu sai in yana da hanyar zagaye, ita ma tana cin mega. Shafinka na kanka ɗakinka ne, Facebook kuwa rumfar haya ce.

Dama da hagu

Nan ne aikinmu ya bambanta da na maginin Faransa ko Amurka, kuma nan ne ɗalibin madarasa ya fi su sanin ƙasa. Harsunan hukuma a Chadi biyu ne, Faransanci da Larabci, ɗaya daga hagu ɗaya daga dama. Mu kuma ga Hausa, ita ma hannu biyu, boko da ajami. Shafin da zai yi wa unguwarmu aiki dole ya iya tafiya ta kowane ɓangare.

Dā sai an rubuta CSS biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kullum kuma sai an manta wani abu, ka ga kibiyar "ci gaba" tana nuna baya. Yanzu CSS ya koyi sabuwar magana. Maimakon magini ya ce a bar fili ta hagu, sai ya ce a bar fili a farkon layi. In shafin Faransanci ne, farkon layi hagu ne. In an rubuta dir="rtl" a kansa, farkon layi ya koma dama, komai ya juya da kansa kamar a madubi. Rubutu ɗaya, aiki biyu.

Inda ake shan wuya shi ne gauraye. Ka sa sunan Faransanci ko lambar waya a tsakiyar jumlar Larabci, sai ka ga aya ta yi tsalle ta koma farkon layi, ko rukunin lambobin sun juye. Lambar waya da ta juye kuwa ai ba lamba ba ce. Akwai wata 'yar alama a HTML, bdi, da ake killace irin wannan baƙon rubutu da ita don kada ya rikita maƙwabtansa. A akwatin da mutane za su rubuta sunansu kuma ana sa dir="auto", burauza ta duba harafin farko ta gane ta ina za ta fara. Wasu abubuwa biyu da duk wanda ya riƙe alƙalami ya sani: ba a buɗa tazara tsakanin haruffan Larabci don kwalliya, haɗinsu zai tsinke, kuma rubutu mai wasali yana son fili tsakanin layi da layi, in ba haka ba kisirar sama ta hau kan fatahar ƙasa.

Boko ma yana da nasa. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, in zubin harafin da magini ya zaɓa bai san su ba, sai su fito kamar ɗan akwati, ko su fito da wata kama dabam a tsakiyar kalma. Wasu sai su jefar da lanƙwasar don su huta. To baki da baƙi ɗaya ne? Kafa da ƙafa fa? Gyaran shi ne a adana shafi da tsarin UTF-8, a kuma gwada zubin harafi da waɗannan ukun kafin a ɗauke shi. Amma a akwatin bincike a sassauta: yawancin mutane ba su da lanƙwasa a madannin wayarsu, don haka wanda ya rubuta dalibi ya kamata ya sami ɗalibi.

Ajami kuwa labarinsa mai daɗi ne. Unicode, wato babban kundin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya daɗe yana da haruffan Larabci irin na gabas. Amma rubutun da iyayenmu suka tashi da shi a makarantar allo, mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, yana da nasa ƙa'idojin. A 2016 aka shigar da fa da ƙaf da nun irin na Afirka, a 2020 kuma aka ƙara wasu haruffa da ajamin Hausa ke buƙata. Ƙungiyar SIL ta ƙera zubin haruffa biyu kyauta domin yankinmu: Harmattan, da kuma Alkalami, wanda ya kwaikwayi kaurin hannun marubutan Kano. In ka ga Alkalami a gilashin waya sai ka ce da tawada aka yi.

Me wannan ya canja? Dā mai son sa ajami a intanet sai ya ɗauki hoton takarda. Hoto ga nauyi, ba a iya neman kalma a cikinsa, ba a iya kwafa, in ka ƙara girmansa kuma ya dusashe. Yanzu ajami rubutu ne kamar kowane, dattijo mai raunin ido yana iya ƙara masa girma yadda yake so. Sai dai zubin harafin shi ma kaya ne da za a sauko da shi. Ana matse shi da tsarin WOFF2, a kuma umarci burauza kada ta ɗauko shi sai a shafin da ajamin yake.

Ƙaramin abu na ƙarshe a wannan babi: burauzar yau tana iya fitar da kwanan watan Hijira da kanta, ba tare da an sauko da komai ba. Amma lissafi take yi, ba ganin wata ba, tana iya saɓawa da kwana ɗaya da sanarwar Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci ta ƙasarmu. Magini ya bar wurin da mutum zai gyara da hannu.

Mai son farawa

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022, injunan nan masu amsa tambaya suna rubuta shafi cikin minti ɗaya, kuma suna taimaka wa mai koyo sosai. Amma ku lura, abin da suka fi gani shi suke maimaitawa: shafi mai nauyi, na hagu zuwa dama, mai zaton kowa na da rezo. Sai ka san abin da za ka nema, ka ce a yi shi ba JavaScript, ka ce ya karɓi Larabci, kuma ka iya duba abin da aka ba ka. Wanda bai san HTML ba ba zai gane an cuce shi ba.

Koyon kuwa ba ya buƙatar mega da yawa. Fayil ɗin HTML rubutu ne kawai, kana iya rubuta shi a kowace kwamfuta, ka buɗe shi a burauza ba tare da intanet ba. Shafin MDN, wanda magina a duniya ke komawa gare shi, yana da fassarar Faransanci. A nan Njamena akwai WenakLabs, inda matasa masu harkar kwamfuta ke haɗuwa. Ɗalibai mata da maza duk ɗaya ne a wannan sana'a, don a ɗaki ake yin ta.

In ka gama shafinka na farko, kada ka gwada shi a kwamfutar da ka gina shi kawai. Ari wayar da ta fi tsufa a gidanku, ka buɗe shi da yamma lokacin da rezo ya fi cunkoso, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Ka duba megar da ta rage kafin da bayan buɗewa. Ka juya shi Larabci ka ga ko lambar wayar makaranta tana nan daidai. Sannan ka kashe data gaba ɗaya, ka sake buɗewa, ka miƙa wa Baba ko Inna su nemo ranar jarrabawa ba tare da ka nuna musu inda za su danna ba.